Mai Rubuta Ƙarar Ƙashi

Ni ce mai rubuta ƙara.
Wani ke zana mutanen, wani ke zuba jan launi,
ni kuwa, Lorraine Kubiak, a ɗakin ƙasa na gidan haya a Pittsburgh,
shekara goma sha tara ina rubuta ƘWAS da TIM da FAU
da manyan baƙaƙe masu kaifin haƙoran zarto.

Gwarzonmu Mista Rasit ne.
Ba ya tashi sama, bas yake hawa,
jar rigarsa ta matse shi tun fitowa ta huɗu,
ga gyambon ciki, ga tsoron tantabara.
In ya damƙi ɓarawon banki
sai ya karairaya shi gaɓa-gaɓa
yana ba shi labarin yadda matarsa ta bar shi,
ya zaro biro daga bayan kunne ya lissafa:
haƙarƙari uku, dala tara,
muƙamuƙi kyauta, don yau Talata ce,
kuɗin wankin riga daban.
Ya manna takardar a goshin mutum,
ya ce a biya kafin ƙarshen wata.

Mutane na dariya har da hawaye.
Wani direban tirela daga Ohio ya rubuto mana
wai shayi ya fito masa ta hanci a shafi na sha biyu,
inda Rasit ya tura wani attajiri cikin injin niƙa nama
ya tsaya yana cinikin ragi da gadinsa.
Ni na rubuta kukan injin. Kwana biyu na yi a kansa.
GURRR-ƘACA-ƘACA. Na yi alfahari da shi.

Ran Lahadi babana ya zame a banɗaki.
Shekararsa tamanin da ɗaya, tsohon mai narka ƙarfe,
mutumin da bai taɓa neman a buɗe masa kwalba ba.
Ina kicin ina yanka albasa na ji.
Ba ƘWAS ba ce.
'Yar ƙara ce, kamar an taka busasshen ganye a ɗakin maƙwabta,
sai shiru,
sai famfo yana ta zuba,
sai ya kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ta daɗe a ƙasa.

A asibiti aka miƙo mini takarda.
Ƙugu, kaza. Hoton ƙashi, kaza. Motar da ta kawo shi, daban.
Na tsaya a layi ina dariya, irin wadda ba ta da kyau,
har mai karɓar kuɗi ta ba ni ruwa a kofin roba.
Ko allura ba a ba mu kyauta ba.
Da ma ba Talata ba ce.

Litinin Desmond ya turo shafuka.
Rasit ya danne wani ƙato a kan gada, zai karya masa ƙafa.
Na rubuta ƙarar da ƙananan baƙaƙe, can a lungu,
ƙwas,
sai ka sa tabarau kafin ka same ta.
Desmond ya bugo waya: Lorraine, tawada ce ta ƙare?
Yara sun biya dala huɗu don su ji ƙashi, ba su zo nemansa ba.
Na ce to.
Na goge, na hura ta har ta cinye rabin shafi,
na kewaye ta da walƙiya.

Da dare na kai wa Baba shafukan tun kafin a buga.
Yana kwance, igiyar ƙarin ruwa a hannu,
ya karanta har ƙarshe, yana dariya yana dafe ƙugu,
wayyo, wayyo, ɗan banzan nan,
ya ɗora yatsa mai rawa a kan babbar ƘWAS
ya ce, tawa ma haka ta yi, ko?

Na gyara masa bargo.
Na ce haka ta yi, Baba,
har na bakin titi sun ji.